Yadda malamin jami'a zai koyar daga nesa ko da sabis na yankewa

Duk wanda ke koyarwa a Zamfara a 2021 ya san rashin sabis da idonsa. A farkon watan Satumba na shekarar aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, Gusau ta yi kusan wata guda a haka, wasu ƙananan hukumomin kuma suka daɗe fiye da haka. Kafin nan an yi zaman gida na korona a 2020, ga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na waccan shekarar, ga na 2022 da ya ci wata takwas. Yanzu ma da makarantu ke buɗe, akwai ɗalibin da ke Anka ko Shinkafi ko Ɗansadau wanda hanya ba ta ba shi damar shigowa Gusau kowane mako, akwai kuma malamin da ya tafi ƙaro karatu Zariya ko Sakkwato alhali kwas ɗinsa na nan a wuyansa.

Tsarin da zan bayyana shi nake bi, kuma shi nake nuna wa sababbin abokan aiki. Ginshiƙinsa murya ce da takarda, waɗanda ɗalibi zai sauke sau ɗaya su zauna a wayarsa. Haɗuwa kai tsaye ta Zoom ko Google Meet ƙari ce kawai. Wanda ya juya lamarin, ya ɗora kwas gaba ɗaya a kan haɗuwa kai tsaye, rabin ajinsa zai bari a baya tun mako na biyu. Zan riƙa cewa Malam, amma Malama ki ɗauka da ke ma nake.

Kayan aiki

Waya mai Android wadda ke da aƙalla gigabait 10 na wurin ajiya a sake. Ba sai mai tsada ba.

Iyafis mai waya, irin mai ɗan makirfo a jiki. Ya fi na Bluetooth a wannan aikin, domin ba ya buƙatar caji kuma murya ba ta makara. Idan da hali, ka sayi ƙaramin makirfo mai maƙalewa a wuyan riga.

Laftof. Idan babu, waya za ta yi yawancin aikin, sai dai gyaran murya da haɗa maki za su ba ka wahala.

Layi biyu na kamfanoni daban-daban. Kada ka tambayi kowa wanne ya fi, domin amsar tana canzawa daga Tudun Wada zuwa Samaru, har daga ɗaki zuwa ɗaki. Gwada su a daidai kujerar da za ka riƙa zama, da safe da kuma da daddare. A duk layukan Najeriya yanzu *312# ne na sayen data, *323# na duba abin da ya rage.

Wuta. Fawa bank mai 20,000mAh na gaske yana cika waya mai batir 5,000mAh sau biyu zuwa uku. Na jabu sun cika kasuwa, kuma alamarsu ta farko rashin nauyi a hannu. Cajar laftof galibi wat 45 zuwa 65 ce, don haka ƙaramar sola da inbata sun wadatar. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana ɗauke da wat-awa 1,200 a lissafi, amma irin na gargajiya mai ruwa ba a so a zuƙe shi ƙasa da rabi, to ka ƙirga 600 kake da su. Sun isa laftof da waya da ƙwan fitila ɗaya tsawon yinin aiki. Kada ka jona masa dutsen guga ko hita.

Sai farar takarda, baƙar maka mai kauri, filash ɗaya, da memori kad biyu ko uku. Manhajojin da za a buƙata duk kyauta ne: WhatsApp ko Telegram, Google Drive, Google Forms, Audacity na gyaran murya, HandBrake na rage nauyin bidiyo, da Xender na tura fayil daga waya zuwa waya.

1. Ka fara sanin halin da ɗalibanka ke ciki

Kafin ka ɗauki lakca ko ɗaya, ka tura tambayoyi biyar: a wane gari kake zaune, wace irin waya ce a hannunka, taka ce ko ta aro, wane layi ke kamawa a wurinku, wane lokaci ne kake da sarari. Ka sa wakilin aji ya bi waɗanda ba su amsa ba ta kiran waya, domin su ne ainihin waɗanda kake son ji daga gare su. Wanda ya amsa cikin minti biyar ba shi da matsala.

Abin da za ka gani zai canza maka shiri. Za ka samu malaman firamare da ke aji har azahar, matan aure da ba su da sukuni sai bayan isha'i, masu zuwa gona da damina, da mai amfani da wayar yayansa wanda sai ya dawo kasuwa. Za ka kuma samu masu ƙaramar waya mai maɓallai. Kada ka cire su daga lissafi: yawancin irin waɗannan wayoyin suna karɓar memori kad kuma suna kunna MP3.

2. Ka sanar da sashe, ka leƙa ofishin fasahar sadarwa

Ka rubuta wa shugaban sashe takarda cewa kaza daga cikin makonnin kwas ɗin daga nesa za a yi su, ga yadda za a ɗauki halarta, ga yadda za a raba makin aikin zango, wato na gwaji da aikin gida kafin jarabawa. Ka riƙe kwafin da aka sa wa hannu. Ranar da ɗalibi ya kai ƙorafi cewa ba a koyar ba, ita ce shaidarka.

Daga nan ka je ofishin fasahar sadarwa na jami'arku ka tambayi abu biyu: imel na jami'a, da ko akwai dandalin koyarwa irin Moodle da aka riga aka kafa. Idan akwai, yi amfani da shi a matsayin ma'ajiya, domin manhajarsa ta waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi ya karanta ba tare da intanet ba. Idan babu, ko yana nan amma ba ya buɗuwa, folda ɗaya a Google Drive ta isa. Kowane asusun Google na da gigabait 15 kyauta, kuma kwas ɗin murya da takarda na zango guda ba zai ci ko ɗaya ba.

3. Ka buɗe guruf biyu, ba ɗaya ba

Na farko na sanarwa da darasi ne, a saita shi yadda admin kaɗai ke iya turawa. Na biyu na tambaya da tattaunawa. Idan ka haɗa su wuri ɗaya, lakcarka za ta nutse a ƙarƙashin barka da Juma'a da tallan atamfa da sanarwar ɗaurin aure, ɗalibi ya buɗe ya tarar da saƙo ɗari uku ya rufe.

Guruf ɗin WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, kuma kowa na da shi, shi ya sa na fi farawa da shi. Amma yana da aibi biyu. Wanda ya shigo daga baya galibi ba ya ganin abin da aka tura kafin zuwansa, sannan kowa na ganin lambar kowa, abin da kan jawo wa ɗalibai mata kiran da ba su nema ba. A Telegram ana iya ɓoye lamba, sabon shiga yana iya ganin tsofaffin darussa, fayil kuma yana nan ko an canza waya. Idan ajin babba ne irin na kwasa-kwasan gama-gari na 'yan aji ɗaya, Telegram ya fi. Idan kuka tsaya a WhatsApp, ka naɗa admin biyu daga ɗalibai, namiji da mace, ka kuma faɗa tun ranar farko cewa duk wanda ya ɗauki lambar wata ya dame ta, maganar za ta kai ofishin kula da harkokin ɗalibai.

Ka maƙale saƙo ɗaya a saman guruf mai ɗauke da mahaɗin foldar kwas, ranar da darasi ke fita, da lokacin da kake amsa tambaya. Wannan na ƙarshen don lafiyarka ne. Idan ba ka yanke lokaci ba, ƙarfe ɗayan dare za a turo maka "Malam, ban gane shafi na huɗu ba."

4. Ka rubuta takardar darasi kafin ka buɗe baki

Lakcar awa biyu ta aji ba ta shiga waya yadda take. Ka yanka ta kashi uku ko huɗu, kowane kashi batu ɗaya, minti 12 zuwa 15. Kowane mako ka haɗa takarda mai shafi huɗu zuwa shida: kanun batutuwa, ma'anoni, zane ko jadawali, misali ɗaya da aka warware, da tambayoyi uku a ƙarshe.

A waya za a karanta, to ka rubuta don waya. Girman rubutu 14, layi ɗaya daga hagu zuwa dama ba tare da raba shafi gida biyu ba, lambar shafi babba a sama. Ka adana ta a PDF, domin takardar Word tana wargajewa daga waya zuwa waya, musamman mai lissafi ko ƙananan alamomi. Takardar rubutu zalla ba ta kai megabait ɗaya. Idan ka ga ta kai 15, hotuna ne, ka rage su.

Sunan fayil ya zama mai magana da kansa, kamar BIO201-mako03-kashi1. Murya da takarda su ɗauki suna iri ɗaya.

Kada ka ɗauki hoton littafin wani gaba ɗaya ka watsa. Akwai halastattun hanyoyi: kayan karatun Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, suna shafinta kyauta, haka littattafan OpenStax na kimiyya da lissafi da tattalin arziki. Ka faɗa wa ɗalibai shafi kaza zuwa kaza, kada ka jefa masu littafi mai shafi dubu ka ce su karanta.

5. Ɗaukar murya

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin sakaci. Ɗalibi zai jure hoto mara kyau, amma murya mai ƙara ko amsa-kuwwa ba ya kai minti uku yana saurare.

Ɗakin da ya fi dacewa shi ne mai labule da katifa da darduma, domin suna shanye amo. Ofis mai tayil da bango tsirara shi ne mafi muni. Ka kashe fanka. Na sani, a watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40 wannan magana ce mai nauyi, shi ya sa nake ɗauka bayan sallar asuba, kafin gari ya ɗauki zafi, kafin masu babur da injin markaɗe su fara. Idan janareta kake amfani da shi, ka yi caji tukuna ka kashe shi, sannan ka ɗauka. Ka sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka.

Makirfo ya kasance kamar taƙi ɗaya daga bakinka, ɗan gefe kaɗan, don kada iskar "f" da "b" ta riƙa bugunsa. Idan na iyafis ne, ka riƙe shi da yatsu biyu ko ka maƙale shi, kada ya riƙa gogar wuyan riga. Ka ɗauki daƙiƙa ashirin na gwaji ka saurara da lasifikar waya, domin da ita yawancinsu za su ji.

Ka fara da daƙiƙa biyar na shiru, za su yi amfani wajen gyara. Sannan ka faɗi sunan kwas, mako, da kashi. Kana magana kana kiran shafi: "ku duba shafi na uku, zane na biyu, kibiyar da ke hagu." Wannan kiran shafin shi ke maye gurbin allo. Kada ka karanta takardar kalma bayan kalma, suna da ita a hannu. Ka yi bayanin abin da ba a rubuta ba: me ya sa haka, ina ɗalibai suka saba kuskurewa, wane misali ne daga kasuwar Gusau ko gonar Bakalori zai sa abin ya zauna. Idan ka yi tuntuɓen harshe, kada ka tsaya ka sake daga farko. Ka tafa hannu sau ɗaya kusa da makirfo, ka maimaita jimlar. Tafin zai fito kamar dogon tsini a Audacity, ka gane wurin yankewa nan take.

Game da harshe: da Turanci ake koyarwa kuma da shi za a rubuta jarabawa, amma ba laifi ka ƙara ɗan gajeren saƙon murya na minti uku da Hausa a kan wurin da ya fi wuya. Ka ware shi daban, ka rubuta a sunansa cewa da Hausa ne, domin a jami'ar tarayya akwai ɗalibai daga Binuwai da Kwara da Inugu waɗanda ba sa ji, kuma bai kamata wani abu da zai fito a jarabawa ya kasance a cikinsa kaɗai ba.

Gyara a Audacity ba ya wuce minti goma idan hannu ya saba. Ka zaɓi shirun nan na farko, ka shiga Effect, ka nemi Noise Reduction, ka danna Get Noise Profile. Sai ka zaɓi muryar duka, ka koma wurin ka danna OK. Sau ɗaya ya isa, idan ka maimaita murya za ta koma kamar daga cikin rijiya. Ka yanke wuraren tafi. Wajen fitarwa ka zaɓi MP3, mono, 32 kbps. Lissafinsa mai sauƙi ne: kilobait 4 a daƙiƙa, wato minti 15 zai zo megabait 3.6. A 64 kbps zai ninka, kuma ga magana zalla ba a jin wani bambancin kirki a lasifikar waya. Kada ka tura WAV, wato fayil ɗin murya da ba a matse ba, yana iya cin megabait 10 a minti ɗaya.

Idan babu laftof, saƙon murya na WhatsApp ma ya yi, shi ma ba shi da nauyi, kuma ɗalibi na iya ƙara masa sauri. Sai dai ka tsaya a minti biyar zuwa bakwai kowane ɗaya, ka rubuta lambarsa da batunsa a saƙon da ke biye. Matsalarsa ita ce ƙananan wayoyi masu maɓallai ba sa kunna irin fayil ɗinsa, kuma nemo shi bayan wata biyu aiki ne.

6. Bidiyo, inda ya zama dole kawai

Lissafi, kimiyyar haɗa sinadarai, akanta, zanen injiniya: waɗannan sai an ga hannu yana tafiya. Ba fuskarka ake buƙata ba. Ka jera littattafai masu kauri a tebur har su kai tsawon kamu ɗaya da rabi, ka ɗora waya a kai kyamarar baya na kallon ƙasa, ka danne ta da wani littafin, ka sa farar takarda a ƙarƙashi. Haske ya fito daga taga ta gefen da ba hannun rubutunka ba, don kada inuwa ta rufe abin da kake rubutawa. Ka yi amfani da maka, biro ba ya fitowa. Ka ja layi da fensir a iyakar abin da kyamara ke gani, in ba haka ba za ka gama warware lissafi ka tarar rabinsa a waje yake.

Bidiyon waya a 1080p na iya haura megabait 100 a minti ɗaya. Kada ka tura shi haka. Ka rage ingancin a saitin kyamara tun kafin ɗauka, sannan ka wuce da shi ta HandBrake ka zaɓi Fast 480p30. Farar takarda da baƙin rubutu suna matsuwa sosai. Ka duba a wayarka ko ana karanta ƙananan lambobi, idan ba a karantawa ka ƙara girman rubutunka a ɗauka ta gaba maimakon ƙara nauyin fayil. Mai amfani da PowerPoint kuma yana iya ɗaukar murya a kan kowane shafi ya fitar da shi bidiyo a 480p.

7. Haɗuwa kai tsaye

Sau ɗaya a mako ko a mako biyu, kuma don tambaya da amsa, ba don sabon darasi ba. Zoom na kyauta yana ɗaukar mutum 100 kuma yana yankewa a minti 40. Google Meet na kyauta mutum 100 ne shi ma, minti 60. Na fi son Zoom saboda abu ɗaya: a laftof yana bari ka naɗi zaman ko da ba ka biya ba, kuma yana ajiye fayil ɗin murya zalla daban, wanda za ka matse ka tura wa waɗanda ba su samu shiga ba.

Kowa ya kashe kyamara, har da kai bayan gaisuwa. Bisa ƙiyasin Zoom, murya na cin 60 zuwa 80 kbps, nuna shafi ba tare da bidiyo ba 50 zuwa 75. Idan ka haɗa su, awa ɗaya ba ta wuce megabait 70 ba. Bidiyon taro kuwa yana neman kusan 1 Mbps, wato wajen megabait 450 a awa. Tun bayan ƙarin kuɗin kira da data da aka amince da shi a farkon 2025, wannan bambancin ba ƙarami ba ne a aljihun ɗalibi. Ban da kuɗi ma, ba kowace ɗaliba ce za ta so ajin duka ya ga cikin ɗakinta ba, kuma ba ka da hurumin tilasta mata.

Ka saita yadda kowa zai shigo makirfonsa a kashe. Ka kunna ɗakin jira, wato Waiting Room, inda mutum ke tsayawa sai ka ba shi izinin shiga, ka ce kowa ya sa lambar rajistarsa a matsayin suna. Wakilin aji ya riƙa tattara tambayoyin da aka rubuta yana karanto maka. Ka guji tsakanin magariba da isha'i, da Juma'a daga hantsi zuwa la'asar, da azumi kuma safiya ta fi.

A ɓangarenka, ka haɗa waya da laftof ta kebul maimakon hotspot: ya fi tsayawa, wayar na samun caji, kuma ba ta zafi sosai. Ka cire mata riga, kada ka ajiye ta a rana ko kan katifa. Sannan gargaɗin da ya fi kowanne tsada: a Windows ka shiga saitin intanet ka kunna Metered connection a kan layin da kake amfani da shi. Idan ba ka yi ba, kwamfutar na iya fara sabunta kanta a ɓoye ta shanye datar wata guda kana tsakiyar bayani.

Ka faɗa masu tun farko abin da za a yi idan ka ɓace: su jira minti biyar, idan ba ka dawo ba a koma guruf ɗin tambaya a ci gaba da saƙon murya. Kuma kada ka ɗauki halarta da wannan zaman. Halarta ita ce amsa tambayoyi ukun nan na ƙarshen takarda cikin kwana huɗu ko biyar.

8. Aikin gida da gwaji

Google Forms yana da saitin mayar da fom ya zama gwaji mai ba da maki da kansa. Ka kunna cakuɗa tambayoyi da cakuɗa zaɓuɓɓuka, ka sa wurin lambar rajista ya zama dole. Taƙaita amsa zuwa sau ɗaya yana buƙatar kowa ya shiga da asusun Google, to ka tabbatar suna da shi tun makon farko, kuma suna tuna kalmar sirrinsu, domin da yawa mai shagon waya ne ya buɗe masu. Ka bar fom a buɗe awa 24 aƙalla. Gwajin minti ashirin da ƙarfe goma daidai ba ilimi yake aunawa ba, sabis yake aunawa.

Za su haɗa kai su amsa, wannan ka sa shi a ranka. Shi ya sa irin wannan gwajin ƙaramin maki nake ba shi, biyar ko goma daga cikin 30 ko 40 na aikin zango. Babban gwaji da jarabawa a aji ake yin su, ido da ido.

Aikin rubutu kuma, tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022 tambaya irin "bayyana ma'anar kaza" ta daina amfani. Ka ba da aikin da sai an taka ƙasa: farashin gero a kasuwar garinku na mako uku, hira da mai sana'a ɗaya a unguwarku, lissafin da lambobinsa suka fito daga lambar rajistar ɗalibi. A rubuta da hannu, a ɗauka da sikana ta cikin Google Drive ko CamScanner, a haɗa shafukan a PDF ɗaya mai ɗauke da lambar rajista. Idan ta WhatsApp za a turo, a turo shi a matsayin fayil, wato Document, domin idan aka turo a hoto manhajar na matse shi har rubutu ya dushe. Sannan ka zaɓi mutum biyar ko shida kowane mako ka kira su minti biyu, su yi maka bayanin abin da suka rubuta. Labarin kiran nan kaɗai yana gyara aji.

Duk aikin da ya shigo ka amsa da "na karɓa", ko wakilin aji ya fitar da jerin lambobin da aka karɓa. Maki kuwa kada ka watsa shi da sunaye a guruf.

9. Ranar da sabis ya ɗauke gaba ɗaya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka kasance kullum kana gaban ajin da darasin mako biyu, a ɗauke, a gyare, a cikin filash. Tun makon farko ka raba ɗalibai bisa garuruwansu: na Ƙauran Namoda, na Talatar Mafara, na Tsafe, na Gummi, na cikin Gusau unguwa-unguwa, kowane rukuni da mutum ɗaya da aka sani kuma aka san inda ake samunsa. Ka rubuta wannan jerin a takarda, kada ya tsaya a waya.

Xender ba ya buƙatar data ko sabis, waya da waya ne, kuma darasin wata guda na murya da takarda yana wucewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Mutum ɗaya ya karɓa daga gare ka ya isa ya ba garinsu duka. Inda babu mai zuwa, memori kad a cikin ambulan ta hannun direban da aka sani a tasha yana isa. Ka ajiye kwafin takardun a shagon hoto ɗaya kusa da makaranta, ɗalibi ya biya kuɗin bugawa kawai, kai kuma kada ko sisi ya biyo ta hannunka, don kada a ce sayar da takardu kake yi. Idan kira da tes suna tafiya intanet ne kawai babu, gajeren tes zuwa ga shugabannin rukuni ya isa sanarwa.

Kada ka ce ɗalibi ya hau hanya ko ya fita bayan gari neman sabis don ya cika wa'adin aikinka. A irin wannan lokacin wa'adi yana tsayawa, a karɓi aiki a takarda ranar da aka haɗu.

10. Ajiya

Kowace Juma'a ka kwafe foldar kwas zuwa filash, ka sauke jadawalin amsoshin Google Forms zuwa laftof, ka kuma buga takardar maki duk bayan gwaji ka sa a fayil ɗin ofis. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp da imel ɗinka, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, ko da ya ce daga jami'a yake, ka kashe wayar. Da haka ake ƙwace guruf a fara roƙon kuɗi da sunan malami. Da hunturu ka riƙa rufe laftof da ƙyalle idan ka gama, ka sa filash da memori a ƙaramar leda mai zif. A ƙarshen zango ka ba sashe kwafin foldar, ka rubuta a takarda ɗaya kashin da ɗalibai suka fi yin tambaya a kansa, shi za ka fara sake ɗauka kafin zango mai zuwa.